Manyan Dawa Biyar A Kan Azurfa: Sharhi Kan Kwandalolin Big Five Na Afirka Ta Kudu

Kwandalar farko da ta shigo hannuna daga cikin jerin nan ita ce ta giwa, kuma ban saye ta da niyyar tara biyar ba. Wani abokina da kasuwanci ke yawan kai shi Johannesburg ne ya turo mini hotonta a waya, na ce ya taho mini da guda ɗaya don in ga irin aikin. Da ta iso na tsaya da ita a bakin taga ina jujjuyawa a cikin hasken hantsi, sai na gane cewa na sa ƙafa a hanyar da ba zan juyo ba sai na ga ƙarshenta. Yau duka biyar suna wurina, giwa da zaki da karkanda da damisa da ɓauna, kuma sun daɗe a akwatina har ɗokin sabon abu ya kwanta, ta yadda zan iya faɗin abin da na gani ba tare da son abin ya rufe mini ido ba.

Wanda ya buga su shi ne South African Mint, gidan buga kuɗin Afirka ta Kudu da ke Centurion a lardin Gauteng, mallakar babban bankin ƙasar. Shi ne kuma ke buga tsabar da mutanen ƙasar ke kashewa a kasuwa, saboda haka ba wani ɗan kamfani ba ne da ya tsiro jiya don ya sayar wa masu sha'awa kayan ado. Jerin farko ya fito ne a hankali, kwandala ɗaya kusan duk wata shida: giwa da zaki a 2019, karkanda da damisa a 2020, sannan ɓauna ta rufe a 2021. Kowace ɗaya oza guda ce irin ta awon zinariya da azurfa, wato giram 31.1, ba ozar kayan kanti ba wadda take giram 28.35. Tsarkin azurfar 999 ne cikin 1000, faɗin kwandalar ya ɗan haura milimita 38, kuma guda 15,000 aka buga na kowace dabba a nau'in da nake da shi. An rubuta mata darajar rand biyar, kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Wannan rubutun shaida ce kawai ta cewa hukuma ta amince da ita a matsayin kuɗi. Babu mai hankalin da zai miƙa ta a kanti don sayen burodi. Na ɗora duka biyar a kan ƙaramin sikeli mai ƙidayar ɗigon giram, kuma babu wadda ta gaza abin da aka rubuta a jikinta.

Sunan jerin kansa daga bakin mafarauta ya fito. Turawan da suka riƙa zuwa gabashi da kudancin Afirka da bindigogi a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 su ne suka ware waɗannan dabbobi biyar, kuma ba girman jiki suka duba ba. Da girma ne da dorina ta shiga gaban ɓauna, da raƙumin dawa bai rasa wuri ba, da kuma damisa ba ta ko kusanci jerin ba, tunda namijinta ma da wuya ya wuce nauyin ƙaton mutum. Abin da suka duba shi ne haɗarin da ke cikin bin dabbar a ƙafa, musamman bayan an harbe ta ba ta mutu ba. A kan ɓauna suka fi yawan bayar da labari, cewa idan ta ji rauni takan shige duhuwa ta zagayo ta bayan mai bin sawunta. Maharban ƙasar Hausa ba su jira Bature ya gaya musu wannan ba, domin kirarin da suka bar mana ya isa shaida: ɓauna saniyar sake, damisa ƙi sabo. Zamanin waccan farauta ya kai ƙololuwarsa a idon duniya ne a 1909, lokacin da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka a Mombasa tare da ɗansa Kermit, suka ratsa har Khartoum a 1910, su biyun suka kashe dabbobi 512. Daga baya masu harkar yawon buɗe ido suka gaji sunan, kyamara ta maye gurbin bindiga a yawancin wurare, Kenya ma ta haramta farautar manyan namun daji a 1977, ko da yake Afirka ta Kudu har gobe tana bayar da lasisin yin ta.

Abin da ya fara burge ni a zanen shi ne yadda aka ɗauki sunan mafarauta amma aka bar mafaraucin a waje. Babu bindiga, babu mutum tsaye da ƙafa a kan gawa, babu ma dajin da aka saba cika bayan hoto da shi, da itacen ƙaya da faɗuwar rana. Kan dabbar kawai aka kawo, aka matso da shi kusa har ya cika filin kwandalar, aka ajiye tambarin ƙasar ɗan ƙarami a ƙasa tare da sunanta da shekara. Sakamakon haka mai riƙe da kwandalar shi ne yake tsaye a inda maharbi zai tsaya, a tazarar da babu sauran gudu. Wannan shawara ce ta wanda ya san aikinsa, domin fili mai faɗin milimita 38 ba ya ɗaukar giwa sukutum da guda ba tare da ta koma kamar hoton kan kwalin ashana ba.

Giwar ita ce gwanar jerin, kuma ina ganin maƙerin ya fi jin daɗin aikinta. Fatar giwa duk tsagi ce da tamoji, irin abin da ƙarfen zane ke so, an kuma bi kowane layi na hancinta da na kunnuwanta ba tare da an yi ha'inci a lungu ba. Idan aka karkata kwandalar a haske sai haurenta mai santsi ya yi walƙiya, fatar kuma ta tsaya a dishe, bambancin ya sa kan ya taso kamar zai fito daga cikin ƙarfen. Ɓauna ce ke biye da ita. Ƙahonta da ya haɗe a goshi kamar garkuwa, da idon nan mai kallon raini, sun fito yadda duk wanda ya taɓa ganin ɓauna ido da ido zai shaida. Karkanda ta yi kyau ba tare da ta ba ni mamaki ba. Zaki kuwa an sha zana shi a kuɗi da tambari da ƙofar gidan sarauta har ido ya saba, saboda haka duk ƙoƙarin da aka yi a gezarsa, wadda aka tsefe ta sili-sili, bai hana ni jin kamar na taɓa ganinsa a wani wuri ba.

Damisa ce mafi wuyar aiki, kuma a kanta ne ra'ayina ya sauya. Kyan damisa a launi yake, baƙin roɗi a kan rawaya, azurfa kuwa launinta ɗaya. Dole maƙeri ya fitar da roɗin ta hanyar bambanta santsi da kaushi, abin da ke nufin hoton yana bayyana ne gwargwadon inda haske ya faɗo. A ƙarƙashin farar fitilar ɗaki na ga fuskar ta cakuɗe, na ajiye ta a matsayi na ƙarshe. Bayan watanni na sake fito da ita da yamma a tsakar gida, rana ta yi gefe, sai roɗin ya rabu ɗaya bayan ɗaya, gashin bakinta ya fito, idon ya kafe ni. Tun daga ranar ba na yanke wa kwandala hukunci da dare.

Bayan kwandalar ne ya sa jerin ya yi suna. Maimakon a sake zana dabbar cikakkiya, sai aka raba fuskarta gida biyu daga goshi zuwa haɓa, aka kai rabi ɗaya bakin dama yana fuskantar waje, ɗaya rabin bakin hagu, aka bar tsakiya ga rubutun nauyi da daraja. Kwandala ɗaya ita kaɗai tana nuna fuska a tsage. Idan aka kawo ta biyu aka jingina ta da ita, sai rabin wannan ya sadu da rabin waccan, fuska guda ta haɗu a tsakaninsu, kuma kowace kwandala aka ƙara a layin wata sabuwar fuska ce, har a yi garke. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma kuma dabara ce ta ɗan kasuwa, domin ma'anarta ita ce wanda ya sayi ɗaya bai ga hoton da aka yi masa alkawari ba sai ya sayi ta biyu. Gidan buga kuɗin ya san da haka, shi ya sa ya fitar da wani nau'i mai tsada na tagwayen kwandaloli masu ƙyallin madubi a cikin kwanso ɗaya, fuskar a haɗe tun daga masana'anta, saiti 1,000 kacal na kowace dabba. Mu da muka sayi ɗai-ɗai a cikin kati sai mu zaɓa: ko mu bar su a rufe mu haƙura da ganin fuskar, ko mu ciro su mu rage musu daraja a idon mai saye na gaba.

A wannan tarko na faɗa, kuma shi ya kai ni ga asarar da na yi. Na ƙwallafa rai sai na ga fuskar zaki a haɗe, amma a lokacin zakin 2019 ya ƙare a hannun manyan dillalai, farashinsa a hannu na biyu ya tashi. Sai na ci karo da wani mai talla a intanet yana sayar da shi a kuɗin da bai kai rabin na sauran ba, ya ce katin ne ya lalace shi ya sa ya karya farashi. Na san araha ba ta ado, amma na biya. Da kayan ya iso na ɗora a sikeli, ya nuna giram 31 da ɗoriya, hankalina ya ɗan kwanta. Sai da na kwantar da shi kusa da na ainihi don in haɗa fuskar, a nan ne asiri ya tonu: sabon ya fi tsohon kauri har yatsa na jin tudun, kuma gezar da aka tsefe sili-sili a na gaskiya ta koma dunƙule kamar an shafa mata mai. Dalilin kaurin ba ɓoyayye ba ne. Jabun na tagulla ne, azurfa kuwa ta fi tagulla nauyi. Inda azurfa ke da giram 10.5 a cikin wani ƙayyadadden girma, tagulla ba ta kai 9 ba. Mai yin jabu da tagulla zai iya daidaita nauyi, zai iya daidaita faɗi, amma ba zai iya daidaita nauyi da faɗi da kauri gaba ɗaya ba, dole ɗaya ya tona shi.

Na ɗauki kwandalolin biyu na tafi wurin wani dattijo maƙerin fari da iyayenmu mata suka daɗe suna kai wa gyaran awarwaro da zobe. Bai ko kalli sikelinsa ba da farko. Ya ɗora jabun a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa gefensa da wani siririn ƙarfe, ya ji amon ya mutu nan take, sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, wannan riga kawai aka sa masa.” Na ba shi izini ya sa zarto a gefe, goga biyu jan ƙarfe ya leƙo. Da ya miƙo hannu zai karɓi na gaskiyar sai na ce, “Baba, wannan kam a duba da ido kawai, kada a goga shi a dutse.” Ya riƙe shi ta baki-baki kamar yadda na roƙa, ya daɗe yana kallon gezar, ya ce wanda ya yi wannan ya ci sunansa maƙeri. Na tambaye shi nawa zai saya idan na kawo masa. Ya ce, “Ni da sikeli nake saye, ba da ido ba. Da zakinka da karyayyen munduwa, in nauyinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya.” Daga nan ya shiga ba ni labarin liyari, tsohuwar kwandalar nan mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya wadda duk aka buga wa shekarar 1780, da yadda ya taso ya ga iyayen gidansa suna narka ta suna ƙera kayan amare. Ita azurfarta 833 ce cikin 1000, kuma babu wanda ya taɓa ƙara sisi saboda fuskar matar da ke jiki.

Maganar dattijon ita ce gaskiyar da ya kamata duk mai niyyar sayen irin wannan kaya ya riƙe. Kuɗin da ake biya kashi biyu ne. Kashi na farko na azurfar da ke ciki ne, wanda kowane sikeli a duniya ya san da shi. Kashi na biyu na zane ne da ƙarancin adadi da kati da takardar shaida, kuma wannan ba ya wanzuwa sai a wurin wanda shi ma yake tarawa. A kan kowace ɗaya daga cikin biyar ɗin nan na biya fiye da ninki biyu na kuɗin azurfarta, kafin a zo maganar kuɗin aikowa da canjin dala. Masu son irin wannan kaya yawancinsu suna Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, saboda haka ranar da buƙata ta taso da gaggawa, wanda ke kusa da ni shi ne mai sikeli, kuma a ranar kashi na biyu ya tafi. Ita azurfar kanta ma ba ta da alkawari. A watan Afrilun 2011 oza ta kusa dala 50, zuwa ƙarshen 2015 ta dawo wajen dala 14, a watan Maris na 2020 kuma ta taɓa dala 12 kafin ta sake tashi. Wanda ya saya a saman tudu ya jira shekaru da yawa kafin ya ga uwar kuɗinsa.

Ƙarancin adadin ma yana buƙatar a duba shi da kyau. Guda 15,000 kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da wasu ƙasashe ke bugawa, kuma shi ya sa giwa da zakin 2019 suka yi tsada a hannu na biyu. To amma ɓaunar ƙarshe ba ta gama hucewa ba aka buɗe jeri na biyu a 2021, aka sake farawa daga giwa da sabon zane. Ba laifi ba ne, ɗan kasuwa ba ya rufe rumfar da ake ciniki, kuma jerin farko yana nan a matsayinsa na fari. Sai dai mai tarawa ya sani cewa dabbobin biyar ne kawai amma kwandalolin ba su da ranar ƙarewa, kuma idan bai sa wa kansa iyaka ba aljihunsa ne zai sa masa. Ni a jerin farko na tsaya.

Wanda burinsa ajiyar azurfa ne, hoton namun daji kuma ƙari ne kawai, akwai abin da ya fi masa sauƙi. Kanada ta fitar da jerin dabbobi shida tsakanin 2011 da 2013, ta fara da kyarkeci ta rufe da ɓaunar dajinsu, sannan jerin tsuntsaye mafarauta huɗu a 2014 da 2015, ciki har da shaho da mikiya da mujiya. Azurfarsu 9999 ce cikin 10,000, an buga miliyan guda na kowace, don haka abin da ake ɗorawa a kan kuɗin ƙarfen kaɗan ne. Abin da masu tarawa suka daɗe suna kuka da shi game da azurfar Kanada ta wancan lokaci shi ne wani farin tabo mai kama da ɗigon madara da ke fitowa bayan an buga, har gidan buga kuɗin ƙasar ya shigo da wata hanyar kariya mai suna MintShield a 2018. A Afirka ta Kudu kanta akwai wani kuɗin ajiya mai suna Krugerrand na azurfa, wanda ya fara fitowa a 2017 don cikar na zinariya shekara 50, mai hoton barewar nan tasu da ke tsalle. Shi ma kusan kuɗin ƙarfensa ake sayar da shi. Akwai kuma giwar Somaliya, mai darajar shilin 100, wadda ake sauya wa zane duk shekara tun 2004, amma a birnin Munich na Jamus ake buga ta. Haka abin yake ga zakin da ke ɗauke da sunan Chadi, da damisar Ghana, da wasu masu sunan Kamaru da Nijar: kamfanoni ne a Amurka da Turai ke buga su da sunan waɗannan ƙasashe, kuma ɗan kasuwar Njamena ko Kumasi zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa ganin ko ɗaya ba. A nan Big Five ta yi musu fintinkau a wurina. An buga ta a ƙasar da dabbobin suke raye, kuma dabbobin ba baƙi ba ne a kuɗin ƙasar, domin su ne a takardun da ake kashewa kullum: karkanda a rand 10, giwa a 20, zaki a 50, ɓauna a 100, damisa a 200.

Duk da haka, akwai abin da nake ji idan na riƙe ta karkanda wanda ba na ji da sauran. A 2007 karkanda 13 ɓarayin ƙaho suka kashe a Afirka ta Kudu. A 2014 adadin ya kai 1,215. A 2020, shekarar da aka buga wannan kwandala, an kashe 394, kuma kullen annobar korona na daga cikin abin da ya rage adadin a shekarar. Baƙar karkanda irin ta yammacin Afirka, wadda mafakarta ta ƙarshe ita ce arewacin Kamaru, an ayyana ƙarewarta daga doron ƙasa a 2011, wato dabbar da harshenmu ke da sunanta ta rigaya ta bar yankinmu. Ƙahon da maƙerin ya goge ya yi sheƙi a tsakiyar kwandalar shi ne ainihin abin da ake kashe ta dominsa. Kwandala ba wurin wa'azi ba ce, kuma ban zargi zanen da komai ba, amma mai saye kada ya ɗauka cewa sayen hoton dabba taimakon dabbar ne, sai idan ya ga an rubuta hakan ƙarara a takardar da ta zo da kayan.

Wajen adanawa na yi kuskuren da nake so wani ya guje wa. Ranar da giwar ta iso, don zumuɗi na ciro ta daga kwansonta na riƙe ta a tafin hannu, babban yatsana ya sauka a kan filin da ke da santsi. A lokacin ban ga komai ba. Bayan wata shida sai ga zanen yatsana ya fito ruwan ƙasa-ƙasa a gefen kunnenta, kuma yana nan har yau, domin gumi da maiƙon hannu suna cin fuskar azurfa a hankali. Wani ya ba ni shawarar in goge da man goge baki, wani ya ce toka da lemon tsami kamar yadda ake wa awarwaro. Wannan yana yi wa kayan ado amfani, amma ga kwandalar tarawa kisa ne: gogewar tana barin ƙananan ƙarce da mai saye zai gani da madubin ƙara girma, kuma kwandalar da aka wanke ta fi mai tabo faɗuwa a farashi. Abin da ke sa azurfa baƙi shi ne sinadarin farar wuta da ke cikin iska da hayaƙi da roba, saboda haka ba a ɗaure ta da kyauron roba, ba a kuma ajiye ta a ɗakin da ake yawan turaren wuta ko kusa da hayaƙin janareta. Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce, domin idan ta kwanta aka share da ƙyalle, yashi ne aka goga. Nawa suna cikin kwansonsu, a cikin akwatin ƙarfe mai rufewa ruf, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ina sauya su duk farkon damina.

Mai tara azurfa da yawa ya tuna kuma cewa ƙarfe ne da zakka ke hawa kansa, ko da hoton me aka buga a jiki. Nisabinta dirhami 200 ne, wanda malamai da dama ke ƙiyastawa a giram 595, wato kwandala 19 da ɗan ɗori irin waɗannan. Biyar ɗina giram 155.5 ne, da sauran tafiya.

Hukuncina a kan kayan shi ne aikin ya cancanci kuɗinsa ga wanda ido ya kawo shi. Nauyi ya cika, tsarki ya cika, zanen giwa da ɓauna da damisa ya wuce yawancin abin da na gani a wannan fanni, katin kuma yana kare kwandalar yadda ya kamata muddin mai ita ya bar ta a ciki. Ga wanda ke neman inda zai ɓoye kuɗi daga faɗuwar darajar naira ko sefa kuwa, ba nan ba ne. Da kuɗin biyar ɗin nan zai sayi oza goma ko fiye na azurfar da ba a ɗora wa kuɗin zane ba. Wanda ya yanke shawarar saye ya nemi dillalin da ke da adireshi da tarihi, ya dage sai da kati da takardar shaida, kuma ranar da kaya ya iso ya auna abu uku, nauyi da faɗi da kauri, kafin ya ce ya karɓa. Gwajin maganaɗisu yana kama jabun baƙin ƙarfe ne kawai. Tagulla ba ta manne masa, kamar yadda azurfa ba ta yi, kuma nawa jabun ya tsallake wannan gwaji lafiya lau.

Fuskar zakin dai har yanzu ban gan ta a haɗe da azurfa biyu na gaskiya ba. Wanda ya ga fuska a haɗe a gidan nan shi ne ƙaramin ɗana, wanda ya same ni wata rana na baje kwandalolin a kan darduma a cikin kwansonsu, ya tura ta zaki ta jingina da ta ɓauna, wata halitta ta fito mai geza a dama da ƙaho a hagu, ya ɗago kai ya tambaye ni, “Baba, wannan a wane daji take?”